Tattalin da Inna Ta Yi wa Kunnenta

A gidanmu na Dakoro ba wanda ya taɓa kiran abin da sunansa na likita. Kunnen Inna muke ce masa, ita ma haka take cewa. Ɗan abu ne mai kalar ƙasa, bai fi dabino girma ba, a lanƙwashe, ana maƙala shi a bayan kunne kallabi ya rufe shi. Ƙanwata da ke aure a Maradi ce ta samo shi lokacin da jin Inna ya yi nauyin da sai an dafa ta kafin ta waiwayo. Ni ina Arlit a shekarun nan, ina gyaran rediyo da wayoyi, sai da Sallah nake ganin gida.

Abin yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Matsalarsa pil, wato batir. Wasu ƴan ƙanana yake ci, kamar ƙwayar wake, kowanne da ƴar takarda manne a bayansa, sai an ɓare ta ake sa shi. Ba a sayar da irinsu a Dakoro. Farmasi guda ƙanwata ta sani a Maradi mai kawo su, shi ma wata rana akwai, wata rana a ce sai kaya sun zo. In ta samu kuma sai ta nemi direban da ba zai manta da su a aljihu ba. Saboda haka kunnen Inna ya zama kamar rumbun hatsi, ana sanin ranar da aka cika shi, ba a sanin ranar da za a sake.

Inna kuwa duk unguwa an san ta da tattali. Mace ce da za ta ja hatsin da bai kai ba har ya kai kaka, kuma ba wanda zai kwana da yunwa. Wanda ya saita mata abin a Maradi ya gargaɗe ta kada ta riƙa buɗe ƙofar pil sai in za ta canja shi nan take, don in wuta ta yanke masa ta ɗan jima yana mance saitin da aka yi daidai da kunnenta. Ta gwada sau ɗaya, ya tashi yana mata tsuwa a ka, sai da aka mayar da shi Maradi ya yi makonni. Daga nan ba ta ƙara ba. Amma akwai ɗan maɓalli a jikinsa, in ta danna sai duniya ta yi shiru, in ta sake dannawa ta dawo. Da wannan maɓallin ta shiga auna jinta, yadda take auna gero da tiya.

Kowa da rabonsa. Baƙo yana da rabo, don bai kamata ya yi sallama a bar shi tsaye ba. Gaisuwar mutuwa tana da rabo, ranar kasuwa ma haka, kada a yi mata wayo a ciniki. Mu ƴaƴanta in mun kira waya muna da namu. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma tsaya hira da ni. In na kira sai ta miƙa wa Gwaggo wayar, wato ƙanwar Baba da ke zaune tare da su tun rasuwar mijinta. Gwaggo ce ta tona mini asirinta daga baya, ta ce da zarar an ce ni ne sai hannun Inna ya tafi bayan kunne, ta matso kusa tana yi kamar tsintar wake take.

Wanda ya zo ƙarshe a rabon shi ne Baba. Shi kuma Allah ya yi shi da surutu. Manomi ne, amma dillancin dabbobi ya fi shiga ransa, kuma duk abin da ya faru a kara, wato kasuwar dabbobi, sai ya kawo shi gida ya zazzage. Bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi, Inna na gefe tana ɓarar gujiya, ya kama labari. Ita kuwa ta riga ta danna maɓallinta. Ya sani sarai. In aka tsokane ta sai ta ce wannan mutumin tun tana yarinya take jin sa, ta san abin da zai faɗa kafin ya buɗe baki, ba za ta ƙarar da pil a kan farashin tumaki ba. Shi kuma ya ce ai gara haka, tunda aka yi aurensu bai taɓa kai labari ƙarshe ba a katse shi ba sai yanzu. In ya yi dariya ta ga haƙoransa, ita ma ta yi. Na sha ganin su a haka da Sallah, kuma abin dariya na ɗauke shi, kamar kowa.

Ciwon Baba ya fara da kumburin ƙafa. Ya daina zuwa kara, daga baya ya daina zuwa gona, amma bai daina fitowa gindin bedi ba sai da tafiyar ta gagare shi. A lokacin ne kuma pil ya yanke a Maradi. Ƙanwata ta yi ta zarya, ana ce mata sai wani mako. Da Inna ta ga saura ɗaya a hannunta, ta ɓare takardarsa ta sa shi don kada abin ya mance saitinsa, ta danna maɓallin, ta gaya wa Gwaggo cewa wannan na rana guda ne. Ba ta faɗi wace rana ba, Gwaggo ma ba ta tambaya ba. Baba yana kwance yana magana, Inna tana yi masa fifita tana gyaɗa kai, tana ajiye kunnenta don ranar da zai yi mata maganar da ba a maimaitawa.

Sau ɗaya ta karya wannan doka. An yi sunan jikar ƙanenta a Birnin Lalle, Baba da kansa ya matsa mata ta je, jikinsa ya ɗan yi sauƙi a makon. Ta je, ta kunna kunnenta daga safe zuwa azahar, ta sha barka da hirar mata, ta dawo da fara'a.

Ranar ta zo da hantsi. Numfashin Baba ya canja, Gwaggo ta yafa mayafi ta fita neman malamin likita, aka bar su su biyu. Abin da ya faru a ɗakin daga bakin Inna ya fito zuwa kunnen Gwaggo, daga Gwaggo zuwa nawa. Ya riƙo hannunta, ya nuna mata kunne da yatsa. Ta danna maɓallin, ba komai. Ta sake dannawa, ta ciro abin ta girgiza, ta mayar. Shi bai san bai kama ba, ya ga ta danna, sai ya fara magana. Ta ce ya daɗe yana yi, a hankali, yana kallon ta, wani wuri har ya yi murmushi. Ba ta iya gaya masa ba. Ta yi ta gyaɗa kai kamar kullum. Kafin azahar Baba ya cika, ni kuma na iso bayan an kai shi.

Bayan arba'in na kwaso kayana daga Arlit na buɗe ɗan atelye, wato shagon gyara, kusa da tasha. Pil ya dawo Maradi, ƙanwata ta aiko da yawa, amma Inna ta ƙara ƙuntata wa kanta. Baƙo ma sai ya yi sallama ta uku. Ta gaya wa Gwaggo cewa ita ta cinye kunnenta a gidan suna, ta sayar da maganar mijinta ta ƙarshe da guɗa da gulmar mata. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai zauna cikin shirun nan kamar wadda aka yanke wa hukunci, kuma ita ce alƙalin.

Inna ba ta taɓa ba ni wani abu nata in gyara ba, kunyar ɗan fari ta hana. Sai da ƴar robar da ke shiga cikin kunne ta tsage, Gwaggo ta ƙulle abin a bakin zane ta kawo mini atelye. Gyaran bai ɗauke ni komai ba. Amma hannun mai gyara ba ya zama lafiya, sai na ce bari in ga nawa yake ci. Ina da tsohon ma'aunin wuta mai allura, na haɗa shi tsakanin pil da abin. A kunne, allurar ta tashi ta tsaya. Na danna maɓallin Inna, ina jiran ta faɗo. Ta ɗan motsa kamar gashi guda, ta tsaya inda take.

Na ce ma'aunina ne ya tsufa. Na aro na maƙwabcina mai cajin waya, shi ma haka ya nuna. Sai na buɗe cikin abin, na duba da tabarau na ga ƴar baƙar ƙwaƙwalwarsa, irin wadda muke kira pus, na gane abin da ke nan. A cikin kowace pus akwai ƙofofi bila adadin waɗanda ido ba ya gani, wuta ce ke buɗe su tana rufewa. Masana'antun da suka ci gaba suna yin ƙofofin ƙanana ƙwarai, ɗan turi kaɗan ya ishe su, shi ya sa wuta ke daɗewa. Ta Inna tsohon yayi ce, ƙofofinta manya, sai an tura da ƙarfi. Pil ɗin volt ɗaya ne da ɗan ɗori, kuma da zarar ƙarfinsa ya ɗan sauka sai ta ƙi tashi, alhali da sauran wuta a ciki wadda sabuwar pus za ta yi kwanaki tana lallaɓawa.

Wannan duk da sauƙi. Babban abin yana wurin memwar, inda ake ajiye saitin kunnenta. Akwai memwar da in an rubuta mata abu ya zauna ko babu wuta, irin ta katin waya. Akwai kuma wadda sai ana ba ta wuta ba yankewa, kamar garwashin da ake rufewa da toka don kada a je ɗebo wuta maƙwabta da safe. Irin ta biyun aka sa wa Inna. Ko a haka ma, mai hankali zai ja wa memwar ɗin ƴar hanyarta daban, ta riƙa lasar wuta kaɗan sauran jikin ya yi barci. Waɗanda suka ƙera shi ba su yi ba. Maɓallin bakin lasifika kawai yake toshewa. Duk lokacin da Inna ke zaune cikin shiru, abin yana farke, yana jin Baba, yana sarrafa maganarsa, yana cin pil ɗinsa, ita ce kawai ba ya ba wa. Pil ɗin kansa kuma da iska yake aiki, ranar da aka ɓare takardarsa ya kama hanyar mutuwa, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, balle a zafin Dakoro mai busar da komai.

Na rufe atelye da rana tsaka. Ban san mutanen da suka ƙera abin ba, ban san ƙasarsu ba, amma na zage su ranar, zagin da ban taɓa yi wa wanda na sani ba. Don su rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sun sa maɓallin da ke yi wa tsohuwa ƙarya. Da babu maɓallin ma gaba ɗaya da ya fi, da ta ji mijinta ko tana so ko ba ta so.

Gwaggo na fara gaya wa, a zaure, don ban san yadda zan ɗauki abin ni kaɗai ba. Da na gama ta ce:

"Kak ka hwaɗa mata. Yanzu rabin yini guda take kuka a kai. In ka hwaɗi, shekarun ga dut za ka ɗora mata."

Na ce to sai mu bar ta tana ɗaukar laifin da ba nata ba? Ta ce laifi ƙarami da mutum ya saba da shi ya fi sauƙin ɗauka, kuma ni yaro ne, ban san zaman aure ba. Ina da furfura a gemu lokacin, amma wurin Gwaggo ban taɓa wuce yaye ba. Ta ce mu nemo sabon abu mai kyau mu ba ta, mu yi shiru da bakinmu. Na bi maganarta, ba don ta gamsar da ni ba, sai don ni ma tsoro nake ji.

Haka muka yi damina. Ina shigowa gida in tarar da Gwaggo tana yi wa Inna hira, Inna na gyaɗa kai, ni kaɗai na san abin da ke bayan kunnenta yana cin wuta a banza. Abinci ya daina yi mini daɗi a gidan. Na zama mai faɗa a atelye, wanda ya kawo waya ya ce in yi sauri sai in miƙa masa abinsa.

Da kaka ƙanwata ta zo da sabon. Ƙarami ne, ana cajinsa kamar waya, ba ruwansa da farmasin Maradi, kuma na auna shi da kaina kafin ya shiga gida. In an kashe shi allura tana kwanciya ƙasa, ya kuma riƙe saitinsa. Inna ta juya shi a tafin hannu, ta yi godiya, ta mayar cikin kwalinsa. Ta ce a kai wa mai bukata. Ita an ba ta amanar ƙaramin abu ta kasa riƙewa, ba ta ga abin da ya rage a duniya da za ta ji wanda ya kai wanda ta zubar ba. Ƙanwata ta koma Maradi tana kuka. A nan na daina jin maganar Gwaggo.

Washegari da safe ban tafi atelye ba. Na ɗauko ma'aunina na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince gero a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na zauna a ƙasa, abin da ban saba ba. Ta dube ni ta kawar da kai. Na nuna kunnenta na miƙa hannu, ta ciro ta ajiye a bakin tabarma, don ba za ta sa mini a hannu ba. Na haɗa wayoyin ba tare da na yanke masa wuta ba, na juya mata fuskar ma'aunin. Na nuna mata allurar, na sa yatsana na danna maɓallin a gabanta. Na sake, na kuma sake. Inna ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma ta yi shekaru tana kallon sikelin masu sayen gujiya, ta san abin da ake nufi in allura ta ƙi motsi. Ta ajiye faifan. Ta miƙo hannu ta danna da kanta, ta zuba wa allurar ido.

Da ta mayar da shi kunne ta kunna, sai na yi mata bayani a gajarce, kaina a ƙasa. Na ce ko ta kashe ko ta kunna ci ɗaya yake yi, kuma pil ɗin da ta ajiye wa Baba zai mutu kafin ranar ko da ba ta taka Birnin Lalle ba. Gwaggo tana bakin madafa, ta daina abin da take yi.

"Ashe ba sunan ba ne," in ji Inna. Ba ni take gaya wa ba, bangon gida take kallo.

"Ba shi ba ne, Inna."

Na ga kafaɗunta sun sauka, ta yi hamdala a hankali. Na ɗauka an wuce wurin. Amma Inna mai lissafi ce, kuma na ga lokacin da lissafin ya kai ta inda Gwaggo ke tsoro. Idonta ya tafi gindin bedi.

"To dut la'asar ɗin nan da shina zamne shina magana... da na bari a kunne, ba abin da za ya rage?"

"Ba abin da zai ragu."

"Har shekarar da yak kwanta?"

"Har ita."

Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsinta, amma tsakuwa da gero duk gefe guda take tura su. Na yi baƙin ciki a wurin nan irin wanda ban yi ba ko ranar da na tarar an rufe Baba. Na yunƙura zan tashi, sai ta yi magana, kuma wannan karon ni take kallo, ido cikin ido.

"Kai kana zuwa da Salla. Ka ji shi. Mi yake cewa?"

Na laluba kaina. Abin da na samu guda ne, labarin wani bijimi da Baba ya yi dillancinsa, wani mutumin Korahane ya saya daga hannun wani makiyayi na garin Rumbu. Sau biyu bijimin yana tsinke igiya yana komawa garkensu, har mai sayen ya ce a ƙara masa da makiyayin a cikin cinikin. Na ba ta shi yadda na iya, ina kwaikwayon muryar mai sayen yadda Baba ke yi. Ta karkato kunnen wajena, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na zo wurin makiyayin ta yi ƴar dariya, ta share ido da bakin kallabi. Na kai ƙarshe na yi shiru. Ta jira.

"Sai kuma mi?" ta ce.

Na sake lalubawa, na dubi Gwaggo, ta girgiza kai. Na ce wa Inna shi ke nan abin da na riƙe.